Rikicin fili da na ciniki a kotu: abin da mai gona a Dutsin-Ma da Kurfi ya kamata ya sani

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma a shekarar 2011, gonakin da ke kewaye da garin suka fara komawa fulotai, dillalai suka yawaita, darajar ƙasa ta tashi. A ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi kuwa, matsalar tsaro ta sa wasu manoma sun ƙaurace wa gonakinsu na tsawon damina da dama. Duka biyun suna haifar da husuma, kuma da yawan masu gaskiya suna faɗuwa a kotu saboda takardar da suka riƙe ko kotun da suka je, tun kafin alƙali ya kai ga tambayar wane ne mai wurin.

Ƙasa a hannun gwamna take

Tushen komai shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, aka kuma ɗaure ta da sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Sashenta na 1 ya danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama da amfani ne. Arewa ta riga ta san wannan tsari, domin dokar Turawa ta 1910 da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 a kan wannan turba suke.

Gwamna ne ke ba da haƙƙi a yankin da ya ayyana a matsayin birni, kuma yana iya bayarwa ko'ina a jihar. Ƙaramar hukuma tana ba da haƙƙin gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Wanda ya gaji gonarsa tun kafin 1978 doka ta ɗauke shi kamar an ba shi, ko da ba shi da takarda. Sai dai sashe na 36 ya hana yanka irin wannan gona ta karkara zuwa fulotai ko miƙa ta ga wani. Duk wanda ya san awon igiya ya san yadda ake tsallake wannan sashe kullum, amma yana nan a rubuce, kuma lauyan abokin shari'a zai iya ɗauko shi ranar da ya ga dama.

Takardar mai unguwa da takardar gwamnati

Yawancin cinikin gona a wannan yanki takarda ɗaya ce: sunan mai sayarwa da mai saye, kuɗi, iyakoki, shaidu, sa hannun mai unguwa ko dagaci. Tambayar ita ce ko kotu za ta karɓi takardar cinikin da ba a yi wa rajista a ofishin filaye ba, kuma a nan ne Kotun Ƙoli ta yi magana biyu cikin ƙasa da shekara biyu.

A Disambar 2017, a shari'ar Benjamin da Kalio wadda ta taso daga Jihar Ribas, alƙalai bakwai suka ce dokar jiha ba za ta hana kotu karɓar irin wannan takarda ba, tunda batun shaida hurumin Majalisar Tarayya ne. Lauyoyi suka ɗauka an rufe babin. A 2019, a shari'ar Abdullahi da Adetutu, alƙalai biyar na kotun suka koma tsohon matsayi: takardar da ba ta da rajista ba ta tabbatar da mallaka, iyakarta ta nuna an biya kuɗi an kuma yi ciniki. Bayan haka kowane lauya ya riƙa ɗaukar hukuncin da ya dace da wanda yake karewa. Abin da bai canja ba shi ne, wanda ya biya kuɗi kuma ya shiga wurin yana da haƙƙin da kotu ke karewa. Wanda ya saya ya ajiye takarda a akwati, bai noma ba, bai kewaye ba, shi ne ke cikin haɗari idan aka sake sayar da wurin ga wani.

Takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O ita ma ba ƙarshen magana ba ce. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta ce ba ta ba mai riƙe da ita abin da ba shi da shi tun farko, kuma idan wani ya tabbatar da haƙƙin da ya riga ta, ta faɗi. Ofisoshin rajistar filaye na kwamfuta, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano da KATGIS a Katsina, suna rage ba da wuri ɗaya ga mutum biyu, amma ba sa wanke cinikin da tushensa ya lalace.

Ga masu neman bashin banki da gida ko shago, sashe na 22 ya wajabta amincewar gwamna kafin sayarwa ko jinginarwa. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, wanda ya ci bashin ne da kansa ya kafa hujja da rashin wannan amincewa, kotu ta soke jinginar. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta, ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya sannan a nemi amincewar, sai dai cinikin bai cika ba sai an samu.

Wace kotu?

Katsina ta mayar da kotunan yanki zuwa kotunan shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma nan talaka ya fi zuwa, don kusa suke, da Hausa ake magana, ba dole sai da lauya ba. Filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa kuwa Babbar Kotun Jiha kaɗai ke da hurumi a kansa, bisa sashe na 39. A gonar karkara, hukuncin Adisa da Oyinwola na 2000 ya tabbatar cewa Babbar Kotu ma tana iya saurara.

Tarkon yana wurin ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000, Kotun Ƙoli ta ce jayayya kan mallakar gona zalla ba ta cikin wannan jeri. Idan rabon gado ake yi, can za a je. Idan Malam wane ne ke cewa gonar tasa ce ya saya, hanyar Babbar Kotu ce. Wanda ya yi kuskure a nan yana iya yin nasara, bayan shekaru a rushe hukuncin gaba ɗaya.

Hauzi da gonar da aka gudu aka bari

A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, wanda ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi, mai wurin yana gani bai yi magana ba, da'awar mai wurin ta faɗi. Tsakanin dangi kotuna sun saba ƙidaya shekara 40. Wannan shi ne hauzi, kuma shi ne zai zama filin daga a ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa, ranar da mutane suka koma suka tarar da wani a gonarsu.

Sharuɗɗansa suna tare da wanda ya gudu. Dole mai wurin ya kasance yana nan, ya sani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, kuma tsoron halaka uzuri ne. Hauzi ba ya hawa kan gonar aro, haya, jingina ko amana. Wahalar ita ce tabbatarwa: aron gona da baki ake yi, dattawan da suka shaida suna mutuwa, wasu sun watse zuwa Katsina ko Kano. Rubuta aron a gaban dagaci da shaidu biyu, da kwanan wata, ya fi duk wata hujjar da za a nemo daga baya.

Maƙwabci kuma ba shi da haƙƙin shuf'a. A shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998, daga Sakkwato, Kotun Ƙoli ta ce fifikon saye na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba.

Bashi da ciniki

Ɗan kasuwar hatsi ko dabbobi a yau da waya yake ciniki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da saƙon WhatsApp ko shaidar tura kuɗi, bisa sharaɗin a kawo bayanin na'urar da ta fitar da su da ingancin aikinta. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012 an yi watsi da takardun intanet saboda rashin wannan. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara amincewa da sa hannu da rantsuwa ta na'ura.

A shekarar ce kuma aka kafa sabuwar Dokar Sasanci da Sulhu, wadda ta maye gurbin ta 1988. Yarjejeniyar sulhun da aka rubuta aka sa wa hannu a ƙarƙashinta tana ɗaure ɓangarorin, ana iya neman kotu ta zartar da ita. Kai mai bashi ofishin 'yan sanda kuwa, al'adar da ta zama ruwan dare a kasuwanni, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa alƙawarin ciniki kawai, kuma wanda aka tsare yana iya neman diyya har daga wanda ya kai ƙarar.

Akwai kuskuren da daga ofishin lauya yake fitowa. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, da ta Bankin First da Maiwada ta 2012, Kotun Ƙoli ta ce takardar ƙarar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, ba ta da inganci. Ƙararraki da dama sun mutu a kan wannan layi ɗaya na ƙasan takarda, kuma mai ƙara yana da ikon duba shi kafin a shigar.