Littattafan Da Suka Sa 'Yan Matanmu Dariya, Iyaye Suka Tsuke Fuska

A wannan fitowa za mu waiwayi rigimar littattafan soyayya, wadda da yawanmu mazauna Sabo da sauran zangunan Kudu muka gani da idonmu.

Tun fil azal Bahaushe da raha yake yi wa 'yarsa gargaɗi. Kowa ya san tatsuniyar budurwa mai ruwan ido, wadda ta ƙi samarin garinsu kaf, ta liƙe wa wani kyakkyawan baƙo, ashe dodo ne da kayan aro. A yi dariya a tashi, amma yarinya ta ji. Da boko ya zo sai abin ya koma takarda. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, amma ambaliyar ta ɓalle ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka shiga buga nasu da kansu a Kano. 'Yan ƙananan littattafai ne masu araha, kashi na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke maka labari daidai inda ya yi daɗi.

Mu nan hanyar da ke kawo shanu da albasa ita ce ke kawo su. Kwafi ɗaya sai ya zagaye gida goma, bango ya yage, a ɗinke da zare. Wadda ta iya karatu ta karanta a tsakar gida, saura su kasa kunne ana ta shewa.

Wadda ta fi tayar da ƙura ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed. A Budurwar Zuciya na 1987 ta yi wa alhazai masu auri-saki zane. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ta kawo Alhaji Abdu, wanda ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya Delu, ƙarshe rumfarsa ta ƙone ya dawo yana lallami. Mata sun sha dariyar Alhaji Abdu, don kusan kowace ta san irinsa a unguwarsu. Maza kuwa da yawa ba su ga abin dariya ba. Shi kuma Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho Sarkin Noma, shi ya fi taɓa 'yan mata, don sun ga kansu a ciki.

Masu karatu ba su yi shiru ba. Marubutan kan sa adireshinsu a littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, na yabo da na zagi da na neman shawara kan aure, musamman bayan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Iyaye da malamai suka ce littattafan na koya wa yara rashin kunya da bijire wa zaɓin iyaye. 'Yan boko ma suka rabu: Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su, aka yi ta fafatawa a jaridu. Abin bai tsaya a baki ba, domin a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a jihar Kano.

To, mu dai a ganinmu masu sukan ba su rasa hujja ba, akwai na banza a ciki, masu kuskuren rubutu ba iyaka. Sai dai akwai abin da na gida ba su lura da shi ba. Yaranmu nan Yarbanci ko Ibo da Turanci ake koya musu a makaranta, ba Hausa ba. Yawancin matanmu da ke karanta Hausar boko yau, ba a aji suka koya ba, a wajen Rabi da Abu suka koya, a ɓoye cikin ɗaki kada Baba ya gani. Ga abin da ake ƙwacewa a hannun yarinya, ga shi kuma shi ya riƙe mata harshenta.

Daga baya fim ya janye wasu marubutan, waya ta janye masu karatu. A 2012 aka fassara Alhaki zuwa Turanci aka buga a Indiya, a 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata. Saboda haka muna roƙon iyayenmu mata, duk mai sauran tsofaffin kwafi a ƙasan akwati ta aiko da su ofishin ƙungiya, ko da bangon ya cire.