Fijo 504 a Cikin Kayan Gado: Tarihin da Ke Yanke Mata Farashi

A gidaje da dama na tsofaffin ma'aikata a Kaduna, Kano, Zariya da Jos, akwai mota guda da ke tsaye a bayan gida, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace. Ranar da mai ita ya riga mu gidan gaskiya, aka zauna lissafin gado, ita ce kan raba kan magada. Wani ya ce ai ƙarfe ne kawai, a kira 'yan gwangwan su auna. Wani kuma ya ji labarin Turawa na zuba miliyoyi a kan tsofaffin motoci, ya ce a dakata. Kowanne daga cikinsu na iya jawo wa marayu asara, domin tsufa kaɗai ba ya sa wa mota kuɗi. Abin da ke sa mata kuɗi shi ne matsayinta a cikin tarihin irinta, kuma motar da aka fi tararwa a irin waɗannan gidaje ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, tare da zanen jiki daga gidan Pininfarina na Italiya, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Abin da ya ɗaukaka ta a Afirka shi ne juriya. Tana da tsawo daga ƙasa, tana shanye gargada, kuma injinta ba ya gagarar bakanike na bakin titi. A 1975 Ove Andersson ya lashe da ita tseren Safari na Kenya, wanda ke cikin mafiya wahala a duniya.

Shigowarta Najeriya ta zo daidai da kuɗin man fetur. An kafa kamfanin PAN a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, lokacin da ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata. Da wannan kuɗi da rancen mota, malamin makaranta da akawu da jami'in gona suka mallaki abin hawa a karon farko. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, Fijo ta zama motar hukuma. Mota iri ɗaya ta riƙa kai babban sakatare ofis, tana kuma ɗaukar fasinja daga tasha zuwa tasha.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sauya labarin. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, motocin Kwatano suka cika kasuwa. An daina ƙera salun ɗin 504 a Turai tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A duniya baki ɗaya an ƙera fiye da miliyan 3.

Wannan yawa shi ne abu na farko da ya kamata magada su lura da shi. Motar da ta fi kowace tsada a tarihin gwanjo, Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta 1955, an sayar da ita a 2022 kan Yuro miliyan 135, kuma guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Fijo ba ta cikin wannan sahu. Sai dai tarihinta a nan ya haifar da ƙaranci irin nasa. Yawancin waɗanda suka fito daga Kakuri an yi haya da su har suka ƙare, aka sauya musu inji da giya, aka yi musu fenti sau uku ko huɗu, daga bisani aka farfasa su a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Wadda mutum ɗaya ya saya sabuwa, ya riƙe ta tsawon rayuwarsa ba tare da ya taɓa asalinta ba, ita ce yanzu ke wuyar samu. Haka nan samfuri ya bambanta: mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda suka fito a 1969 kuma ba a ƙera su da yawa ba, sun fi salun da wagon da a-kori-kura daraja nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne wanda ya mallake ta. A 2011 an yi gwanjon Fijo 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, aka ba da rahoton cewa ta kai fiye da dala miliyan 2. Sunan mai ita aka saya. Haka Marsandin da aka harbe Murtala a cikinta, wadda ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, ba a auna ta da farashin sauran Marsandi. To amma kasuwa ba ta karɓar labarin baki. Rasidin saye, tsofaffin takardun lasisi, littafin gyara, hotunan mamaci tare da motar, da lambar shasi da ta inji da suka dace da abin da ke rubuce, su ne shaida. Wanda ya share ɗakin mahaifinsa ya ƙone tsofaffin takardu, wataƙila ya ƙone wani kaso na kuɗin motar.

Abu na uku shi ne halin da take ciki. Tsatsa a ƙasan jiki ta fi mataccen inji muni, domin inji na gyaruwa, amma jikin da ya ruɓe kuɗin gyaransa kan zarce kuɗin motar. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar kai ta wurin mai fenti don ta yi kyan gani. Mai tara tsofaffin motoci ya fi son fentin asali ko da ya koɗe, kuma sabon fenti kan sa shi zargin an rufe wani aibi ne. Motar da ta shekara goma a tsaye ma bai kamata a murza mata makulli ba sai bakanike ya duba mai da ruwa da birki.

Sai kuma batun haƙƙi. Mota na cikin dukiyar da mamaci ya bari, kuma a shari'a ba a raba ta sai an biya bashi, an zartar da wasiyya cikin sulusi. Babu magajin da ke da ikon sallama ta shi kaɗai, ko da makullin na hannunsa. Tunda ba ta yankuwa, ko dai a sayar a raba kuɗin, ko a yi mata ƙima wani ya ɗauke ta a cikin rabonsa da yardar sauran. Nan ne zalunci kan shiga a ɓoye: idan aka ƙimanta ta da kuɗin gwangwan alhali ta fi haka, wanda ya ɗauka ya ci rabon mata da yara.

Saboda haka ya fi dacewa a nemi ƙima daga mutum biyu ko uku da ba su da niyyar saye, a rubuta, a kuma san cewa dillalin da ke jiran la'ada ba shi ne zai yi wannan aiki ba. A duba farashin da aka sallama irinta, domin kuɗin da mai kaya ya ambata daban yake da wanda aka biya. Wanda ke kwatanta ta da farashin Turai ya cire kuɗin jigila da haraji tukuna. Idan tayi bai kai ba, a ce albarka. Motar da ta yi shekara arba'in a gidan ba za ta lalace don an ƙara mata wata biyu ba.