Taruwar Amiloyid a Fankiriyas na Birai Masu Ciwon Sukari: Nazarin Bincike Uku

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar bincike uku da aka gudanar a kan biran da suka kamu da ciwon sukari nau'i na biyu ba tare da an sa musu shi ba. Ta nuna cewa lalacewar tsibiran Langerhans tana farawa tun kafin sukari ya hau a jini, kuma ba ƙwayoyin beta kaɗai take shafa ba.

Gabatarwa

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. A cikinta akwai dunƙulen ƙwayoyin halitta da Paul Langerhans ya bayyana a 1869, wato tsibiran Langerhans, waɗanda ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na gaɓar ba. A nan ƙwayoyin beta ke samar da insulin mai rage sukari, ƙwayoyin alfa kuma suna samar da gulukagon mai ƙara shi. A 1901 Eugene Opie ya ga wani daskararren abu, wato amiloyid, ya cika tsibiran masu ciwon sukari. Sai a 1986 da 1987 Per Westermark da Garth Cooper suka gano furotin ɗin da ke haifar da shi, wato amilin, mai amino asid 37, wanda ƙwayoyin beta ke fitarwa tare da insulin.

Matsalar nazarin ɗan Adam ita ce galibi sai bayan mutuwa ake duba gaɓar, lokacin da ɓarna ta riga ta gama aikinta. Ɓera kuma bai biya buƙata ba, domin amilin ɗinsa yana ɗauke da amino asid ɗin furolin a gurabe uku, abin da ke hana shi daskarewa. Na biri yana daskarewa kamar na mutum.

Abin da binciken ya nuna

A cibiyar nazarin birai ta Oregon da ke Amurka, Charles Howard ya shafe shekaru yana bibiyar baƙin birin tsibirin Sulawesi, Macaca nigra. Rahotonsa na 1986 ya nuna cewa fitar insulin tana raunana yayin da amiloyid ke taruwa, cikakken ciwo kuwa ba ya bayyana sai ya mamaye babban kaso na tsibiran. Darajar wannan aiki tana cikin haƙurinsa: biri ɗaya ake bi daga lafiya har zuwa ciwo, abin da gawar mutum ba za ta taɓa nunawa ba.

A 1993 de Koning da abokan aikinsa suka duba birai jinsin Macaca mulatta na garken mai bincike Barbara Hansen, suka sami amiloyid mai yawa tare da raguwar ƙwayoyin beta a jikin masu ciwon.

Bincike na uku, na Guardado-Mendoza da abokan aikinsa a 2009, ya shafi birai 150 jinsin bika a San Antonio ta jihar Texas. Yawan amiloyid ya tafi kafaɗa da kafaɗa da hawan sukari da mutuwar ƙwayoyin beta. Sai dai sun kuma ga ƙwayoyin alfa suna hayayyafa, gulukagon yana ƙaruwa a jini.

Tattaunawa

A ganinmu wannan sakamako na ƙarshe bai sami kulawar da ta kamace shi ba. Tsibirin da ya rasa masu rage sukari, ya kuma ƙara masu ɗaga shi, ya cutu ta fuska biyu, saboda haka maganin da ya kula da insulin kawai rabin cutar ya tunkara.

Wajibi ne kuma a yi hattara wajen ɗora wa amiloyid dukkan laifin. Zuwansa da wuri bai tabbatar da cewa shi ne mai kisan ba. Masana da dama suna ganin ƙananan dunƙulen amilin da ba su gama daskarewa ba su ne ke huda fatar ƙwayoyin beta, daskararren da rinin Congo red ke nunawa kuwa saura ne kawai. Idan haka ne, auna faɗin amiloyid a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba zai wadatar ba, sai an nemi waɗannan ƙananan dunƙule a jikin birai masu ƙiba da sukarinsu bai hau ba tukuna.