Daga danna mota da hannu zuwa jona kwamfuta

1/ A 1975 Peugeot ta fara haɗa mota a Kaduna. Zamanin 504, bakanike a Kwanar Dangora da hannu yake danna bayan mota. In ta yi ta rawa, shokozoba ta mutu. Shi ke nan.

2/ A 1983 Toyota ta sa wa Soarer shokozoba mai lantarki. A 1996 Amurka ta wajabta OBD-II, soket ɗin nan mai rami 16 a ƙasan sitiyari.

3/ Yau in Lexus ɗinka ta kwanta gefe ɗaya a hanyar Falgore, hannu ba zai bambance sensa da jakar iska ba. A jona kwamfuta, a duba lamba mai C. Amma fa ƙaramar na'urar nan mai araha, yawanci inji kaɗai take gani. Tambayi bakaniken kafin ya tura ka Ƙofar Ruwa.