Yawaitar Bakteriya a Ƙaramin Hanji: Nazari kan Ingancin Gwajin Numfashi da Iyakar Magani

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin hanyoyin gano yawaitar bakteriya a ƙaramin hanji, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SIBO, da hanyoyin magance ta. An bi diddigin muhimman ayyukan da aka wallafa daga 1939 zuwa 2024, an kwatanta ƙa'idojin gwaji na Turai da na Amurka ta Arewa, sannan aka auna su da binciken da aka gudanar a ƙasashe masu tasowa, har da arewacin Nijeriya. Nazarin ya nuna cewa cutar tabbatacciya ce ga majinyacin da ke da sanannen dalili a hanjinsa tare da alamun rashin tsotse abinci, amma hujjarta tana da rauni ga wanda kumburin ciki kaɗai ya kawo shi asibiti. Don haka maƙalar na ganin binciken dalili ya kamata ya riga gwaji, gwaji kuma ya riga magani.

1.0 Gabatarwa

Babban hanji matattarar bakteriya ce. A kowane giram na abin da ke cikinsa akan sami biliyoyinsu, kuma zamansu a can amfani ne ga jiki. Ƙaramin hanji, inda ake narkar da abinci a tsotse shi, ba haka yake ba. A sashensa na sama, adadinsu a jikin mai lafiya bai cika wuce dubu ɗaya a mililita ɗaya ta ruwan hanji ba. Asid na tumbi yana kashe mafi yawan waɗanda aka haɗiya. Ruwan matsarmama yana rage saura. Akwai kuma wata ƙofa a mahaɗar hanjin biyu da ke hana abin da ya gangara ya komo. Mafi muhimmanci shi ne wani motsi mai ƙarfi da hanji ke yi lokacin da babu abinci a ciki, kusan kowane minti 90 zuwa 120, yana kora ragowar abinci da bakteriya zuwa ƙasa. Szurszewski ne ya bayyana wannan motsi a 1969 a jikin karnuka, sai Vantrappen da abokan aikinsa a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka nuna a 1977 cewa wasu masu yawaitar bakteriya ba su da shi ko kuma ya raunana.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan garkuwoyi ta faɗi, abinci yakan kwanta a hanji ya yi tsami kamar ƙullun da ya kwana, bakteriya kuma su hayayyafa. Tun 1939 Barker da Hummel suka danganta wani nau'in ƙarancin jini da tsukewar hanji da kuma ɗinkin da ake yi masa a tiyata. Yadda ɓarnar ke faruwa sananne ne. Bakteriyar suna lalata sinadaran matsarmama, sai kitse ya kasa narkewa ya fita a bayan gida mai maiƙo da ɗoyi, bitamin A da D da E su bi shi. Suna cinye bitamin B12 kafin jiki ya samu, alhali folet yakan hau domin su ma suna samar da shi. Ƙarancin B12 tare da hauhawar folet a jini alama ce mai daraja da ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje ke iya ganowa.

2.0 Waɗanda ke cikin haɗari

Littattafan Turai sun fi ambaton tiyatar rage ƙiba, cutar Crohn, cutar da ke taurara fata da hanji, da illar gashin ciwon daji. A asibitocinmu jerin yana da wata fuska. Majinyacin da taifot ya huda masa hanji aka yi masa tiyata yana iya samun mannewar hanji ko tsukewarsa shekaru bayan ya warke. Tarin fuka na ciki ya fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, wato daidai inda ƙofar mahaɗar hanjin biyu take. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke motsa hanji. Tramadol da kodin suna rage motsin. Omeprazole kuwa, da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba da sunan maganin olsa, kuma wasu ke sha shekara da shekaru, aikinsa shi ne rage asid ɗin da ke tsaron ƙofar farko. Alaƙarsa da cutar ta fi fitowa a binciken da ya yi amfani da ruwan hanji fiye da wanda ya dogara da numfashi, kuma bai kai tiyata haɗari ba, amma yawan masu shansa ya sa dole a tambayi kowane majinyaci game da shi.

3.0 Gwaji

3.1 Ɗibar ruwan hanji

Hanyar da aka daɗe ana ɗauka a matsayin ma'auni ita ce a zura na'urar leƙa ciki ta baki, a ɗebi ruwa daga farkon ƙaramin hanji, a raini bakteriyar da ke ciki a ƙirga su. Da can sai adadi ya kai 100,000 a mililita ake cewa akwai cuta. Yarjejeniyar ƙwararrun Amurka ta Arewa ta 2017 ta saukar da shi zuwa 1,000. Hanyar tana da tsada, yawun baki yana iya gurɓata samfurin, na'urar ba ta kai ga can ƙasan hanji, kuma bakteriya da yawa ba sa tsira a ɗakin gwaji.

3.2 Gwajin numfashi

Levitt ya nuna a 1969 cewa jikin ɗan'adam ba ya samar da iskar haidurojin da kansa. Bakteriyar hanji ce ke samar da ita, wani kaso ya shiga jini ya fita ta huhu. A kan wannan aka gina gwajin: majinyaci ya sha suga, ya riƙa hura iska a jaka ko na'ura kowane minti 15 zuwa 20, a ga lokacin da haidurojin ta tashi. Ƙa'idar 2017 ta ce a ba da giram 75 na gulukos ko giram 10 na laktulos, kuma hauhawar kashi 20 cikin miliyan a cikin minti 90 ita ce shaidar cuta. Yarjejeniyar Roma ta 2009 ta zaɓi giram 50 na gulukos da hauhawar kashi 12. Ke nan mutum ɗaya yana iya zama majinyaci a wani asibiti, lafiyayye a wani.

Shirin gwajin ma ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an yi mako huɗu ba a sha maganin kashe bakteriya ba, mako ɗaya ba a sha na sassauta bayan gida ba. Ana gobe gwaji a bar wake, ƙosai, alala, fura da nono, albasa da ganye, a tsaya kan farar shinkafa da ƙwai ko kifi, sannan a kwana da yunwa na awa 8 zuwa 12, ba sigari, ba aikin ƙarfi. Duk wanda ya san yadda ake shan maganin kashe bakteriya irin su Flagyl a unguwanninmu da zarar ciki ya murɗa ya san sharaɗin farko shi ne mafi wuyar cikawa.

Babbar matsalar tana cikin tushen gwajin. Na'urar tana faɗin lokacin da suga ya haɗu da bakteriya, ba ta faɗin wurin da suka haɗu. Laktulos ba ya shiga jini, dole ya isa babban hanji, kuma idan ya isa dole iska ta tashi. An ɗauka cewa ba ya isa kafin minti 90, to amma ga mutane da yawa yana isa. Yu, Cheeseman da Vanner a Kanada sun gwada wannan a 2011 kan majinyata 40: suka haɗa laktulos da wani sinadari da ake gani a hoto, suka bi tafiyarsa. A kashi 88 cikin ɗari na waɗanda gwajinsu ya nuna cuta, sinadarin ya riga ya shiga babban hanji kafin haidurojin ta tashi. Abin da aka auna saurin hanji ne. Gulukos ya fi aminci ta wannan fuska domin ana tsotse shi tun a sama, amma saboda haka ɗin ne yake kuskure bakteriyar da ke can ƙasa, kuma ga wanda aka yanke wa tumbi shi ma yakan zarce da sauri ya ba da sakamakon ƙarya.

Wannan ne ya haifar da saɓanin da ya fi shekara ashirin ana yi. A 2000 Pimentel da abokan aikinsa a Los Angeles suka ba da rahoton cewa kashi 78 cikin ɗari na masu ciwon hanji mai yawan damuwa, wanda ake kira IBS, suna da yawaitar bakteriya bisa gwajin laktulos. A 2007 Posserud da abokan aikinta a Suwidin suka ɗebi ruwan hanji kai tsaye, suka sami kashi 4 cikin ɗari bisa tsohon ma'auni, daidai da abin da suka samu a masu lafiya. Binciken Saffouri na 2019 ya ƙara dagula lissafin, domin ya sami yawan bakteriya a hanjin lafiyayyun mutane masu cin abinci mai harza, ba su da ƙorafin komai. A 2024 ƙungiyoyin ƙwararrun motsin hanji na Turai da Amurka suka fitar da matsaya mai sukar amfani da gwajin numfashi ga masu IBS. A ganina hujjar masu sukar ta fi nauyi.

3.3 Iskar metan

Wasu halittu na hanji, musamman Methanobrevibacter smithii, suna cinye haidurojin su fitar da metan. Ba bakteriya ba ne, kuma galibinsu a babban hanji suke, shi ya sa ƙa'idar Kwalejin Likitocin Ciki ta Amurka ta 2020 ta ba lamarin suna na daban, ta riƙe ma'aunin kashi 10 cikin miliyan, ta danganta shi da taurin bayan gida. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Hudson, Tomkins da abokan aikinsu sun wallafa a 1993 sakamakon auna numfashin lafiyayyun mutane 274 a ƙauyuka biyu na arewacin Nijeriya, suka gano metan a kashi 77 cikin ɗari na manya. Gano iskar ba daidai yake da kaiwa kashi 10 ba, amma al'ummar da uku cikin huɗu na manyanta ke fitar da metan cikin ƙoshin lafiya ba za a ɗora mata ma'aunin da aka yanka wa wata al'umma ba sai an sake aunawa.

4.0 Yara da tsumburewa

A Osasco ta ƙasar Barazil, binciken da aka wallafa a 2012 ya sami alamar yawaitar bakteriya a kashi 30.9 cikin ɗari na yaran unguwar marasa galihu, da kashi 2.4 kacal a yaran makarantar kuɗi. A Dhaka, Donowitz da abokan aikinsa sun same ta a 2016 a yara 15 cikin 90 masu shekara biyu, ta fi yawa a gidajen da ke da buɗaɗɗen lambatu a ƙofa, kuma tana tafiya tare da raguwar tsayi. Binciken Afribiota a Bangui da Antananarivo ya nuna a 2018 cewa bakteriyar da suka mamaye ƙaramin hanjin yara masu tsumburewa irin na baki da maƙogwaro ne. Waɗannan yara ba su da tiyata ko tsukewar hanji, muhalli ne ke ɗura musu ƙwayoyin kullum. Da Trehan da abokan aikinsa suka ba yaran Malawi rifaximin na kwana bakwai a gwajin da aka wallafa a 2009, lafiyar bangon hanjinsu ba ta fi ta waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta ba.

5.0 Magani

Rifaximin ya yi suna domin kusan ba ya shiga jini, a cikin hanji yake aiki. Gatta da Scarpignato sun tattara bincike 32 a 2017, suka sami nasarar kusan kashi 71 cikin ɗari, sai dai yawancin binciken ba su da rukunin kwatanci, kuma ma'aunin nasarar shi ne gwajin numfashin da aka riga aka ga rauninsa. Manyan gwaje-gwajen TARGET na 2011, masu mutum 1,260, a kan masu IBS aka yi su: kashi 40.7 cikin ɗari suka sami sauƙi da miligiram 550 sau uku a rana na kwana 14, kashi 31.7 kuma suka sami sauƙi da ƙwayar da ba magani. Bambancin tabbatacce ne, amma kashi 9 ne. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don IBS mai gudawa a 2015, ba don yawaitar bakteriya ba. Ga tsada kuma.

Inda ba a same shi ba akan koma kan metronidazole, ciprofloxacin, doxycycline ko amoxicillin mai clavulanate na kwana 7 zuwa 14. Kowanne da farashinsa a jiki. Metronidazole da aka daɗe ana sha yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Neomycin da ake haɗawa don metan yana iya cutar da ji da ƙoda. Ciprofloxacin kuwa muna buƙatarsa don taifot, kuma duk wanda aka sha ba bisa dalili ba yana ƙara wa ƙwayoyin turjiya. Ƙa'idar 2020 kanta ta amsa cewa hujjar amfani da waɗannan magunguna mai rauni ce.

Cutar kuma tana komowa. Lauritano da abokan aikinsa a Italiya sun bi majinyatan da rifaximin ya gyara wa gwaji, suka ga a 2008 cewa kashi 12.6 cikin ɗari sun koma bayan wata uku, 27.5 bayan wata shida, 43.7 bayan wata tara, musamman tsofaffi da masu shan maganin rage asid. Muddin dalilin yana nan, magani hutu kawai yake bayarwa. Wanda hanjinsa ya tsuke yana buƙatar likitan tiyata, mai tarin fuka na ciki cikakken maganinsa, mai suga daidaita sugansa, mai tramadol taimakon barinsa. A mayar da B12 da bitamin ɗin da aka rasa. Rage abinci mai kumbura ciki yana sauƙaƙa damuwa na ɗan lokaci, amma hana talaka wake na watanni, alhali shi ne namansa, cutarwa ce da ba ta da hujja.

6.0 Tsarin da ya dace da asibitocinmu

Majinyacin da ya zo da kumburin ciki da kwarnafi kaɗai, ba rama, ba ƙarancin jini, ba tarihin tiyata, a fara duba masa bayan gida don giardia da tsutsar ciki, a bincika Helicobacter pylori, a tambaye shi yadda madara take yi masa, a duba taurin bayan gida da magungunan da yake sha. Wanda ya zo da tabon tiyata, gudawa mai maiƙo, rama da ƙarancin B12, bayan an kore ƙanjamau da tarin fuka da ciwon daji, shi ne gwajin gulukos zai yi wa amfani. Idan babu na'urar, ba laifi likita ya ba shi zagaye ɗaya na magani, ya rubuta nauyinsa da yawan fitarsa bayan gida kafin farawa, ya sake aunawa bayan mako huɗu. In ba a ga canji ba, a nemi wani dalilin maimakon a sake zagaye na biyu.

Asibitin koyarwa da ya sayi na'urar numfashi kuwa, aikinsa na farko shi ne ya auna lafiyayyun mutanen yankinsa, na birni da na ƙauye, masu tuwon gero da masu shinkafa, da gulukos, yana ƙirga haidurojin da metan tare, domin ya san inda layin lafiya yake a wurinsu kafin ya rubuta wa kowa sakamako.