Janani Luwum: Limamin da Ya Ƙi Yin Shiru a Zamanin Idi Amin

Ranar 17 ga Fabrairun 1977 gidan rediyon gwamnatin Yuganda ya ba da sanarwar cewa Akbishop Janani Luwum da ministoci biyu, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi, sun mutu a haɗarin mota. Wai ana kan hanyar kai su wurin bincike ne suka yi yunƙurin ƙwace motar daga hannun direba. Da ƙyar aka sami wanda ya gaskata. Ni da nake cin abinci da makirufo, wannan labari yana taɓa ni ta fuska biyu: an sa mai karanta labarai ya karanta ƙarya, ƙaryar kuma a kan mutumin da ya ƙi sayar da bakinsa ce.

Luwum ɗan ƙabilar Acholi ne, daga ƙauyen Mucwini a arewacin Yuganda. Malamin makaranta ne da farko. A 1948 ya shiga farkawar addini da ta game gabashin Afirka, wadda ake kiran mabiyanta Balokole, mutanen da aka sani da furta zunubi a bainar jama'a da ƙin ɓoye gaskiya. Ya zama limamin ɗarikar Angilikan a 1956, bishop na arewacin Yuganda a 1969, sannan a 1974 aka naɗa shi Akbishop na Yuganda da Ruwanda da Burundi da yankin Boga na Zayar.

Muƙamin ya zo masa a mummunan lokaci. Tun Janairun 1971 Janar Idi Amin ya hamɓarar da Milton Obote, ya shiga kashe sojoji 'yan Acholi da Lango saboda yana zargin su da biyayya ga tsohon shugaban. A 1972 ya kori 'yan asalin Asiya daga ƙasar. A shekarar ce kuma aka shiga har kotu aka tafi da Alƙalin Alƙalai Benedicto Kiwanuka, ba a ƙara ganinsa ba. Zaluncin bai tambayi addinin kowa ba, domin Shaban Nkutu, tsohon minista kuma Musulmi, shi ma an kashe shi a 1973. A Kampala, da zarar an ce an kai mutum ofishin 'yan leƙen asiri da ke Nakasero, iyalinsa sun fara zaman makoki a zuci.

A nan ne jarumtar Luwum ta fara, kuma ta fara ne da ƙananan abubuwa. Mata suna zuwa gidansa da sunayen mazajensu da suka ɓace. Shi kuwa sai ya ɗauki sunayen ya tafi ofisoshin da kowa ke gudu, har gaban shugaban ƙasa, yana tambaya ina aka kai wane. Wasu Kiristoci ma sun zarge shi da kusantar gwamnati saboda yana halartar bukukuwanta. Ya jure zargin, domin ya san idan ya toshe wannan hanya, babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a madadin waɗanda aka kama. A 1976 shugabannin Angilikan da Katolika da Musulmi suka zauna tare don duba halin da ƙasa ta shiga, kuma yana cikin jagororin zaman. Daga nan idon gwamnati ya tsaya a kansa.

Cikin daren 5 ga Fabrairun 1977 sojoji suka kutsa gidansa a Namirembe, suka ɗora masa bindiga, suna neman makamai. Ba su sami komai ba. Mai hankali ya san ma'anar wannan ziyara, kuma iyakar Kenya ba ta da nisa. Luwum ya zauna. Shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Amin wasiƙa, suka sa hannu da sunayensu, suka bayyana yadda jami'an tsaro suka mai da bindigar da aka ba su don kare jama'a makamin kashe jama'a. Ranar 16 ga wata aka tara shugabannin addini da manyan gwamnati a Kampala, aka baje makamai a gabansu, aka ce Obote ne ya aiko da su ta hannun Akbishop. Aka sallami sauran limamai, aka riƙe shi. Bishop Festo Kivengere ya ba da shaidar cewa Luwum ya faɗa masa ya san kashe shi za a yi, amma ba ya jin tsoro. Da aka kai gawarsa Mucwini, mutanen ƙauyen suka buɗe akwatin suka ga raunukan harsashi.

Abin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne, dogaro ga Allah bai taɓa zama alkawarin tsira da rai ba. Mu kan so labarin da mai gaskiya zai fito ba ko ƙwarzane. Amma a Littafin Daniyel, samarin nan uku da sarkin Babila ya yi wa barazana da tanderun wuta sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Bangaskiyar Luwum irin wannan ce. Ya riga ya yanke shawarar wanda zai ji tsoro tun kafin sojoji su zo ƙofarsa, don haka da suka zo ba su tarar da wani ciniki da za a yi ba.

Ba kuma kowane mai bangaskiya aka kira ya tsaya a wuri ɗaya ba. Kivengere ya tsallaka duwatsu zuwa Ruwanda, ya faɗa wa duniya abin da ya faru, ya kuma rubuta ɗan littafi a kan yafe wa Amin. Wannan ma ƙarfin hali ne, domin yafe wa wanda ya kashe abokinka ya fi gudu wuya. Haka talakawan Kampala: gwamnati ta hana jana'iza, amma dubban mutane suka cika majami'ar Namirembe a Lahadin da ta biyo baya, suka yi sujada kusa da kabarin da aka haƙa ba a sa kowa a ciki ba. A watan Yunin shekarar suka yi bikin cika shekara 100 da zuwan bishara ƙasarsu, ba tare da jagoran da ya shirya bikin ba.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. A Afrilun 1979 sojojin Tanzaniya da 'yan gudun hijirar Yuganda suka kori Amin daga Kampala, ya ƙare rayuwarsa a Jidda a 2003. A 1998 aka kafa mutum-mutumin Luwum a majami'ar Westminster da ke Landan, cikin shahidai goma na ƙarni na 20. Yau ranar 16 ga Fabrairu hutu ce a Yuganda baki ɗaya, kuma kafofin gwamnatin da suka ce haɗarin mota ne, su ne ke watsa addu'o'in tunawa da shi daga Mucwini.