Littafi Daga Hannu Zuwa Hannu

Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, iyayenmu suka biyo shi da fatauci, wasu suka zarce Gashuwa. Daga baya littattafan mata suka biyo sawu. Hafsat Abdulwaheed ta share fage da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Littafi ɗaya sai ya zagaye unguwa, wannan ta karanta ta ce wa waccan, "Yaya, kada ya wuce ki." An sha cewa suna ɓata tarbiyya. To, amma da su 'ya'yanmu mata suka riƙe karatun Hausa a ƙasar Mangawa da Badawa. Jama'a, kada mu daina ba juna aro.